Hular Hirudus a Wasan Kirsimeti

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon ɗan fili in amayar da abin da ya tsaya mini a rai tun Kirsimetin bara. Shekara 14 ke nan ina koyar da yara a Sande Sukul a wata ikilisiya a Kaduna, kuma ni nake shirya musu wasan haihuwar Yesu Almasihu. Bara wasu matasa suka ɗora wa yaron da ya fito a sarki Hirudus irin hular wani ɗan siyasa, ban ankara ba sai da ya fito gaban jama'a. Wasu suka fashe da dariya har da tafi, wasu suka ɗaure fuska. Ana tashi daga sujada dattawa suka rabu biyu. Waɗannan suka ce majami'a ba filin kamfen ba ce. Waɗancan suka ce ai Bishop Matthew Kukah na Sakkwato ma ya soki gwamnatin Buhari a saƙonsa na Kirsimetin 2020, duk da cece-kucen da ya biyo baya.

Masu cewa a raba labarin da sha'anin mulki, su sake buɗe Littafi Mai Tsarki. Luka sura 2 ta fara ne da umarnin ƙidaya na Kaisar Augustus, wanda ya taso Maryamu da tsohon ciki daga Nazarat zuwa Baitalami. A Matta sura 2, tsoron rasa gadon sarauta ya sa Hirudus ya karkashe yara maza 'yan shekara biyu zuwa ƙasa, Yusufu ya tashi cikin dare ya gudu da iyalinsa Masar. Fasto ba zai karanta wannan a ƙasar da ake kwashe yara daga makaranta ya yi gum ba.

Amma hular nan ta ɓata mini rai ƙwarai. A benci na baya ranar akwai wata baiwar Allah da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyensu, goye da jariri, zani ɗaya gare ta, silifas ɗinta an ɗaure da waya. Lokacin da yarinyar da ta fito a Maryamu ta rungumi 'yar tsana tana gudu, na ga matar nan tana share hawaye da bakin zaninta. Babu wanda ya waiwaye ta, kowa idonsa na kan hula. Mun yi mako uku muna gardamar wane ne Hirudus, kowa yana nuna jam'iyyar da ba tasa ba, ita kuwa tana kwana a shagon da ba a gama ginawa ba. Ni ma sai bayan sabuwar shekara na nemi inda take, kuma ina jin kunyar hakan.

Ina roƙon fastocinmu su faɗa wa masu mulki gaskiya, ko ɗan cocinsu ne a kan kujera, amma kada a koya wa yaranmu yi wa mutum ba'a a gaban Allah. Bana ni zan ɗinka kayan Hirudus da hannuna, rawanin kwali zan yi masa. Zumuntar mata kuma ta kama wa matar ɗaki, ta yarda za ta koya wa yaran waƙar Kirsimeti da yaren ƙauyensu.

Taka,
Wata malamar Sande Sukul, Kaduna