Wasiƙa daga Pune, ƙasar Indiya, zuwa ga Yaya

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kuna lafiya. Ya jikin Inna?

Na tura naira dubu 60 asusunka. Dubu 40 na maganin hawan jinin Inna ne, dubu 20 kuɗin makarantar Auta. Kada ka ba Auta a hannu, ka kai makarantar da kanka ka karɓo rasit.

Sai maganar da Gwaggo take yawo da ita, wai na fara bin Indiyawa gidan gumaka. Wallahi ta hana ni barci. Hoton da aka gani a Facebook na bikin Ganesh ne, wanda suke kwana goma suna yi wajen ƙarshen damina. Titi ya cika babu hanyar wucewa, ganga kamar za ta fasa kunne, sun ɗauko gunki mai kan giwa za su kai kogi su nutsar. Jan garin da ke jikin rigata watsa shi ake yi, duk wanda ke wurin sai ya same shi. Salla ba ta wuce ni, Juma'a kuma masallaci cike yake, musulmi suna da yawa a nan.

Gaskiya ne na tambayi abokin ɗakina addininsu na Hindu, don mutumin da kuke cin abinci tare ya kamata ka san abin da ya yarda da shi. Ya ce manyan allolinsu uku ne: Brahma mai halitta, Vishnu mai kiyayewa, Shiva mai rushewa. A wurinsu ba sau ɗaya aka yi duniya ba. A yi ta, ta tsufa, a rushe, a sake yin wata, haka ba iyaka. Wai Vishnu yana kwance kan wani ƙaton maciji a bisa ruwa, furen bado ya tsiro daga cibiyarsa, Brahma ya fito daga cikin furen ya soma halitta. Yinin Brahma guda shekara biliyan 4 da miliyan 320 ne. Zamani huɗu suke lissafawa, yanzu ana cikin na ƙarshe mafi lalacewa, Kali Yuga, mai shekara 432,000. Abin da ya ba ni mamaki, shi wannan Brahma da wuya ka ga gidan bautarsa, wanda aka fi sani yana Pushkar, can jihar Rajasthan. Kakar abokin nawa kuma cewa take duk waɗannan fuskoki ne na abu guda. Ni ma na karanta masa Ƙulhuwallahu na fassara masa, ya saurara da ladabi. Iyakar abin da ya faru ke nan, kowa na kan addininsa.

Don Allah ka je wurin Gwaggo da kanka, cikin girmamawa, ka roƙe ta ta bar zancen nan kafin ya kai kunnen Inna. Matar da ta sayar da shanunta don in yi karatu, ina zan sa kaina in ta ji wannan tana kwance? Da ina gida ni zan riƙa kai ta asibiti, ga shi duk na bar maka.

Mu nan lafiya lau. Abincin dai sai haƙuri, naman shanu ba a sayarwa, sai na ɓauna. Jarrabawar da ta wuce na yi kyau ƙwarai, ka faɗa wa Kawu.

Kuɗin maganin nan kada a taɓa shi don biki ko bashin kowa. Ka turo min hoton rasit ɗin Auta. A gaida Anti da yara.

Ƙaninka.