Takardar Koke Kan Asid Ɗin Asetik Mai Ƙarfi da Ake Ajiyewa a Ɗakunan Gwaje-gwaje

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwar ban girma da fatan alheri gare ka da iyalanka, mu iyayen ɗalibai da malaman kimiyya da ma'aikatan ɗakunan gwaje-gwaje na makarantu da asibitocin da ke ƙarƙashin kulawarka mun haɗu mun rubuto wannan takarda don mu kawo kukanmu gabanka. Kukan namu a kan wani ruwa ne guda ɗaya, fari tas, wanda in an zuba shi a kofi ba mai bambanta shi da ruwan sha sai ya kai shi hanci. Sunansa asid ɗin asetik. Mai ƙarfin cikinsa, wanda ba a tsarma da ruwa ba, shi ne ma'aikata ke kira gilashiyal.

Abin da ya sa muka kasa yin shiru shi ne abin da ya sami wata baiwar Allah da ke sharar ɗakin gwaje-gwaje a ɗaya daga cikin makarantunmu. Ba za mu kama sunanta ko na makarantar ba, domin gyara muke nema, ba tozarta kowa ba. Ta shiga aiki da safe, ta tarar da robar ruwan sha a kan benci, rabi cike, babu rubutu a jiki. Ta ɗauka saura ne wani ya bari, ta tafi juyewa, ruwan ya fantsamo mata a hannu. Ta ruga famfo, babu ruwa. Sai ta goge da gefen rigarta ta ci gaba da shara, tunda zafin bai kai ya kawo ba. Kafin dare hannun ya tashi bororo, har inda rigar ta kwanta a jikinta ya saɓule. Shekaru tana share wannan ɗaki, ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya ce mata ga abin da ke cikin kwalaben nan. Kuma duk wanda ya ji labarin, tambaya ɗaya yake yi: da yaro ne mai jin ƙishirwa ya riga ta shiga fa?

Ranka ya daɗe, raini ne tushen matsalar. Kowa ya san asid ɗin batir mugu ne, ana kaffa-kaffa da shi. Wannan kuwa ana masa kallon ɗan gida, saboda shi ne sinadarin da ke cikin ruwan khal, ruwan tsamin nan da ake sa wa abinci. Gaskiya ne, amma ruwan khal kashi 4 zuwa 8 ne kawai cikin ɗari, sauran duk ruwa. Gilashiyal ya kai kashi 99 ko fiye. Daga kashi 25 zuwa sama, dokokin Tarayyar Turai sun sa shi cikin sinadarai masu ƙona fata, daga kashi 90 kuwa cikin rukuni mafi tsanani. Wani mugun halinsa shi ne ƙunar ba lallai ta bayyana nan take ba, tana iya jan sa'o'i kafin ta fito. Shi ya sa mutum ke gogewa ya wuce, alhali asid na can yana cin nama.

Ido ya fi fata shiga uku. Ɗigo ɗaya na iya lalata gaban ido har abada. Tururinsa ma kaɗai yana sa hawaye da tari da ƙaiƙayin maƙogwaro, in ya yi yawa ya kumbura huhu, kuma mai asma ya fi kowa wahala. Hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ƙayyade cewa kada ya wuce kashi 10 cikin miliyan na iskar da ma'aikaci ke shaƙa a tsawon sa'o'i 8 na aiki, kuma a can ana lissafa kashi 50 cikin miliyan a matsayin haɗari na nan take ga rai. Mu a ɗakunanmu ana buɗe kwalbar a tsakiyar ɗalibai, tagogi a rufe, akwatin zuƙe tururi ko babu shi, ko ya lalace an mai da shi ma'ajiyar takardu. Mun ga inda har yanzu ake sa yaro ya tsotso sinadari da baki ta bututun awo, don robar tsotsa ta ɓace ba a sayi wata ba. Wanda ya haɗiyi wannan asid, bayan ƙunar baki da maƙoshi da tumbi, yana fasa jajayen ƙwayoyin jini, yana iya kashe ƙoda.

Akwai kuma abin da hatta wasu malamai ba su ankara da shi ba, wato wannan asid yana cin wuta. Da zarar zafinsa ya kai digiri 39 a ma'aunin Salshiyas, tururinsa na iya kamawa in ya gamu da harshen wuta ko tartsatsi. Sito mai rufin kwano a tsakiyar bazara yana wuce haka. Tururin ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ne yana tafiya, har ya je ya sami fitilar gas da aka kunna a ɗaya gefen benci. Ga shi kuma ana jera shi a kanta ɗaya da asid ɗin naitirik, wai ai duk asid ne. Wannan babban kuskure ne. Asid ɗin naitirik da kiromik da fakulorik da sinadarin famanganet suna rura wuta, haɗuwarsu da asetik na iya kawo gobara ko fashewa. Wurin gilashiyal yana tare da sinadarai masu kamawa da wuta, a cikin mazubin da zai tare shi in kwalba ta fashe, a ƙasa-ƙasa, ba sama da kai ba. Yana kuma cin ƙarfe da tutiya, yana fitar da iskar haidurojin mai fashewa, don haka ba a zuba shi a gwangwani. A lokacin sanyi kuwa, in zafi ya sauko ƙasa da digiri 16.6, daskarewa yake yi kamar ƙanƙara, daga nan ma ya samo sunan gilashiyal, wato mai kama da ƙanƙara. Wanda bai sani ba sai ya ɗora kwalbar a wuta don ta narke. A ruwan ɗumi ake tsoma ta, a sassauta murfi, a yi haƙuri.

Abin da ya fi tayar wa ma'aikatan lafiyar da ke cikinmu hankali shi ne asibiti. Ana amfani da wannan asid ɗin, wanda aka tsarma zuwa kashi 3 zuwa 5, wajen duba mata don gano alamun farko na sankarar bakin mahaifa, hanyar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita. Ana kuma tsarma shi wajen ƙirga fararen ƙwayoyin jini. Tsarmamme da mai ƙarfi kamanninsu ɗaya. In kwalabe biyu suka zauna kusa da juna ba rubutu, ranar da hannu zai kuskure, matar da ta zo neman lafiya ita za ta koma gida da ƙunar da ba za ta iya nuna wa kowa ba. Wannan kaɗai ya isa a ce gilashiyal bai da hurumin shiga ɗakin duba marasa lafiya.

Ɗan'uwansa asid ɗin fomik ma yana wasu ɗakunan. Shi in ya daɗe a rufe yana rikiɗa ya fitar da iskar kabon monoksaid, har kwalbar ta yi bindiga. Duk abin da muka roƙa a nan ya shafe shi.

Allah ya ja zamaninka, roƙonmu na farko, kuma wanda ba ya cin ko sisi, shi ne ka kira shugabannin makarantu da na asibitoci da masu ɗakunan gwaji na kuɗi, ka ja musu kunne cewa daga yau haramun ne a zuba wani sinadari a robar ruwa ko kwalbar abin sha. Kowane mazubi ya zama da suna da ƙarfinsa da ranar da aka haɗa shi, tare da alamar gargaɗi. Tun 2003 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da tsarin alamomi bai ɗaya na sinadarai, kuma hoton ruwa yana ɗiga a hannu yana ci, ko wanda bai yi boko ba zai gane shi in an nuna masa sau ɗaya. Kowane sinadari yana da takardar bayanin kariya mai sassa 16, haƙƙin mai saye ne ya karɓa daga mai sayarwa. A ajiye ta inda hannu zai kai, a kuma fassara sashen taimakon gaggawa a manna a bango.

Sai maganar ruwa, wadda a kanta muka fi nacewa. Maganin farko na wannan ƙuna ruwa ne mai gudu, a cire tufafin da ya jiƙe, a yi ta kwarara na aƙalla minti 15, in ido ne a buɗe fatar idon a ci gaba da zubawa, sannan a garzaya asibiti ko da ba a ga ciwo ba. Ba a shafa mai ko man goge baki. Wanda ya haɗiya ba a sa shi amai, domin asid ɗin zai sake ƙona hanyar da ya bi. Minti 15 ruwa ne mai yawa, buta ɗaya ba ta yi. Muna roƙon a kafa doka: ranar da babu ruwa a ɗakin gwaje-gwaje, ba a buɗe kwalbar asid.

Muna kuma roƙon ka sa baki wurin ƙaramar hukuma da hukumomin ilimi da lafiya su samar da tabarau mai rufe gefen ido, da rigar aiki, da safar hannu ta gaske. Siririyar safar letes da ake sawa a asibiti ba ta tare gilashiyal, mai kauri ta roba irin butil ake so. A ajiye hodar sodiyam bayikabonet da busasshen yashi don ranar da ya zube, a barbaɗa a hankali har kumfa ta daina tashi. A riƙa tuna wa ɗalibai cewa asid ake zuba wa ruwa, ba a zuba wa asid ruwa. Tsofaffin kwalaben da suka yi shekaru rubutunsu ya goge, a turo masani ya tantance su ya kwashe, kada a bar wa masinja ya juye a kwata. Jarkokin da suka ƙare kuma a wanke a huda su, don kada su faɗa hannun mai neman mazubin ruwa.

Horon da za a yi, muna roƙo da babbar murya kada a tsaya kan malamai. A haɗa da masu shara da masu gadi da masinjoji, cikin harshen da suke ji, domin su ne ke shiga ɗakin lokacin da ba kowa. Malaman sinadarai da ke cikinmu sun yarda su koyar kyauta, su kuma raka duk wanda ka wakilta zagayen duba ɗakunan nan, in ka ba da izini. Ita kuma baiwar Allahn da ta ƙone, muna roƙon a duba lamarinta a taimaka mata da magani, don har yau hannun bai koma daidai ba.

Muna jiran ranar da za ka sa mana mu zo gabanka da jerin ɗakunan da muka sani da abin da muka gani a kowanne. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya kare talakawanka.

Mu ne naka masu biyayya,

Wakilan iyayen ɗalibai
Wakilan malaman kimiyya
Wakilan ma'aikatan ɗakunan gwaje-gwaje da masu tsabtace su