A riƙa biyan ɗaliban masta kuɗin makin jarrabawa

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in taɓo wani abu da kowa ya sani a jami'o'inmu amma an yi shiru, wato makin takardun jarrabawa da ake ɗora wa ɗaliban masta da na digiri na uku, musamman mu ƴan kimiyyar harshe.

Ni fa ba aikin nake ƙi ba. Malamai sun yi kaɗan, ɗalibai kuma sun cika aji har bakin taga, dole a nemi mai tayawa. Yadda ake yi ne ke damuna. Malami zai kira ka ofis ya ce "ga waɗannan ka ɗan taya ni dubawa", ya turo maka ƙunshin takardu ɗaure da roba, ba wasiƙa daga sashe ba maganar ko nawa ne, kuma shi ɗin ne mai duba kundinka, to da wane baki za ka ce a'a? In ka yi sa'a ya ba ka na adaidaita, in ba haka ba sai Allah ya yi albarka. Mun gode da addu'a wallahi, amma yawancinmu magidanta ne, wasu da safe suna koyarwa a firamare ko islamiyya, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 zuwa makaranta kawai ya zama aiki.

Sannan makin kimiyyar harshe ba zaɓi A ko B ba ne da za ka bi da jan biro ka wuce. Yaro ya zana bishiyar li'irabi, wato zanen da ke fayyace sassan jimla, sai ka bi reshe reshe ka ga a ina yankin suna ya rabu da yankin aikatau, in rubutun furuci ne ka duba karin sauti da tsawon wasali a kan kowace gaɓa, ga giredin aikatau 7, wato rukunan da masanin Hausa Parsons ya kasa aikatau, da kullum yara ke cakuɗawa. Wani Basakkwace ne zai kawo misali daga karin harshensu, amsarsa daidai ce amma ba ta cikin amsoshin da malam ya rubuta, sabon mai makin da ba wanda ya zaunar da shi ya nuna masa sai ya soke, yaro ya faɗi kwas ya maimaita ba laifinsa. Wannan shi ya fi tsaya min a rai.

WAEC da NECO ma ai sai sun tara masu makin an bi tsarin amsa tare, akwai shugaban tawaga mai sake dubawa, kuma kowace takarda da kuɗinta ko da kaɗan ne. Su kansu malaman a yarjejeniyar ASUU da gwamnati ta 2009 akwai alawus na aikin da ya wuce ƙima, suna ta fafutuka a kai kuma muna goyon bayansu, to wanda ya ɗauke musu wani ɓangare na aikin fa?

Roƙona ga shugabannin sassa da makarantun gaba da digiri a nan Kano, aikin ya riƙa fitowa daga sashe da wasiƙa, a yanka kuɗin kowace takarda, ko a rage wa mutum kuɗin rajista, malamin kwas ya sake duba wasu kafin a shigar da sakamako, wanda kuma ya ce ba shi da hali a ƙyale shi kar abin ya shafi kundinsa.

Wani ɗalibin masta, Kabuga, Kano.