Amsa ga 'yar'uwar da ta tambaye ni kan kumburi da kansar mafitsara

Assalamu alaikum Malama,

A shirin lafiya na rediyo da aka gayyace ni, kin bugo waya kin ce an tabbatar mahaifinki yana da kansar mafitsara, gwajin jininsa ya nuna kumburi ya yi yawa, kuma wani ya gaya miki masu irin wannan sakamakon ba sa daɗewa. Kika ce in faɗa miki gaskiya. Lokaci ya ƙure kafin in amsa miki yadda ya kamata, shi ya sa na rubuto a fili, don ba gidanku kaɗai ke riƙe da irin wannan takarda ba.

Wanda ya gaya miki ba ƙirƙirar maganar ya yi ba, amma rabinta ya ba ki.

Kumburin da likita ke nufi yana cikin jini, ido ba ya ganin sa. Cikin fararen ƙwayoyin jini akwai niyutrofil, masu rige-rigen zuwa duk inda aka samu rauni ko cuta, akwai kuma limfosait, waɗanda cikinsu ake samun masu gane ƙwayar kansa su kashe ta. Sai a raba adadin na farko da na biyu. Idan abin da ya fito ya kai wajen 3 ko ya haura, masu bincike da yawa sukan ce ya yi sama. Akan kuma duba CRP, sinadarin da ke ƙaruwa a jini in akwai kumburi, da albumin, wani furotin na jini: ma'aunin da aka fito da shi a birnin Gilasgo na Birtaniya yana ɗaukar CRP sama da 10 tare da albumin ƙasa da 35 a matsayin alamar jiki yana shan wuya. Bincike da dama kan mutanen da aka cire wa mafitsara ya nuna cewa masu waɗannan lambobi a sama ciwon ya fi saurin dawo musu, kuma a jimlace ba su kai sauran daɗewa ba. Akwai dalili. Ƙarin kansa yakan fitar da sinadaran da ke kiran niyutrofil, su kuma su taimaka masa ya yi sababbin jijiyoyin jini, su danne limfosait. Kumburin ne kuma ke cin naman jiki, mutum ya rame ko da yana cin abinci.

Ga ɗaya rabin. Yawancin binciken nan daga tsofaffin fayil-fayil na asibiti aka tattaro shi, kuma magana yake kan taron jama'a, ba kan mutum ɗaya ba. A 2017 wasu likitoci a Amurka sun gwada lissafin niyutrofil da limfosait a kan marasa lafiyar da aka bi diddiginsu a wani babban gwaji mai tsari, ba su ga ya nuna wanda zai daɗe da wanda ba zai daɗe ba. Har yau ba a yi ittifaƙi kan iyakar lambar ba. Sannan cutar mafitsara ta ƙwayoyin bakteriya, da robar fitsari da ta daɗe a jiki, da magunguna irin su dekzametason, duk suna ɗaga ta. Lambar kamar ƙura ce da aka hango daga nesa: ta nuna akwai motsi, ba ta nuna garke ne ko mota ba. Likita mai lura ba zai yanke wa Baba hukunci da ita kaɗai ba.

Abin da ya fi nauyi shi ne zurfin ƙarin. Yana kan fatar cikin mafitsara ne, ko ya shiga tsokarta, ko ya fita waje? Alƙaluman Amurka sun nuna idan kansar ba ta wuce mafitsara ba, kusan mutum 7 cikin 10 suna kai shekara 5. Idan ta bazu zuwa gaɓoɓi masu nisa, ba su kai 1 cikin 10 ba. Wannan tazarar ta fi duk abin da gwajin kumburi zai faɗa miki.

Ni kumburin da ya fi damuna a ƙasarmu shi ne na tsargiya. Tun 1911 likita Ferguson ya lura a Masar cewa tsargiya da kansar mafitsara suna tafiya tare, a 1994 kuma hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka tsutsar cikin tabbatattun masu haddasa kansa. Ƙwayayenta suna maƙalewa a bangon mafitsara, jiki ya yi ta yaƙi da su shekara da shekaru har fatar wurin ta sauya. Idan Baba ya tashi da kamun kifi, ko noman rani, ko wanka a kududdufi, a gaya wa likita. Irin kansar da tsargiya ke haifarwa ba ta cika jin allurar kemo ba, sau da yawa aikin cire mafitsara ne babban maganinta. To a nan ne nake tsoron maganar da aka gaya miki: iyali su karaya, su ce ai an gama, su ɗauke shi zuwa gida alhali yanzu ne aikin ke da amfani. Wata uku na jinkiri ba ƙaramin abu ba ne a wannan ciwon.

Kuma ba kowane kumburi ne abokin gaba ba. Tun 1976 likita Alvaro Morales a Kanada ya nuna cewa zuba BCG, wato rigakafin tarin fuka, cikin mafitsara yana tayar da kumburi da gangan, garkuwar jiki ta farka ta hana ƙarin da bai yi zurfi ba dawowa. Har yau ana amfani da shi.

Don Allah kada jin kalmar kumburi ya sa ku je kemis ku sayo diklofenak ko ibuprofen. Ba za su taɓa kansar ba, suna iya lalata ƙoda, ga shi ƙarin kan toshe hanyar da fitsari ke saukowa daga ƙoda. Ƙodar nan ita ake dubawa kafin a ba da sisplatin, babban maganin kemo na wannan ciwon. Ku ba shi ƙwai, kifi, wake da nono gwargwadon hali, sai in likita ya taƙaita saboda ƙoda. In yana shan taba, ya bari.

Ranar da za ku koma asibiti, ki tambayi likita ko ƙarin ya shiga tsoka, wane iri ne gwajin naman da aka yanko ya nuna, yaya ƙodarsa take, kuma ko akwai cutar fitsari a ranar da aka ɗebi jinin. In akwai, a yi maganinta a sake gwajin. Yaran gida ma, duk wanda ke fitsarin jini a kai shi a gwada shi a ba shi prazikwantel, maganin tsargiya, in ita ce, kada a ce alamar balaga ce.

Allah ya ba Baba lafiya, ya saka muku da alheri kan jinyarsa.

Wassalam,
ɗan'uwanki likitan mafitsara.