Wasiƙa daga Agege kan maiƙon da ke ɓuya a bututun hayaƙi

Agege, Legas.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya tare da iyali. Saƙonka ya iso ni cewa ginin gidan abincinka na Zariya ya kai ga kicin, har maƙeri ya ɗora maka rumfar ƙarfen nan da ke zuƙe hayaƙi a saman murhu. Tunda wankin irin wannan rumfa shi ne sana'ar da nake ci da ita a nan Legas, bari in faɗa maka abin da idona ya gani tun kafin ka ɗora tukunyar farko.

Abin da ke ruɗar masu gidajen abinci shi ne ƙyallin waje. Yaro zai goge rumfar har ka ga fuskarka a jikinta, alhali maiƙon yana can cikin bututun da ya haura rufi, inda tururin man suya yake hucewa ya daskare. Kwanakin baya an kira mu wani gidan abinci a Ikeja, da na zura ƙarfen kankara cikin bututun, abin da ya biyo shi baƙi ne ƙirin mai danƙo kamar kwalta, ita kuwa fankar saman rufi maiƙo ya yi mata nauyi, sai gurnani take yi ba ta jan komai. Masu girki suna ta hawaye saboda hayaƙi, maigidan kuma ya ɗora laifin a kan ƙarancin lantarki. Da harshen wuta daga kasko zai lashi wannan maiƙo, gobarar ta cikin bututu za ta bi, inda hannu ba ya kaiwa, kuma ka san watsa ruwa a kan man da ke ci fantsama shi kawai yake yi.

Mu da dare muke aikin, bayan an tashi. Sai mun rufe gas, mun kashe wutar fanka, mun lulluɓe murhu da leda, sannan mu ciro matatan ƙarfen da ke tare maiƙo a cikin rumfar mu jiƙa su a ruwan zafi da sinadarin narkar da maiƙo. A nan ka ja wa yaranka kunne game da soda irin ta masu haɗa sabulu: tana cin maiƙo, amma tana cin fata da ido, kuma tana lalata alminiyam, don haka ba a taɓa ta sai da safar hannu da tabarau. Ni kaina ina da tabonta a wuyan hannu.

Game da lokaci, ƙa'idar kare gobara ta Amurka mai suna NFPA 96 ta tanadi a duba bututun masu girki da itace ko gawayi duk wata, na masu aiki dare da rana duk wata 3, na matsakaita kuma duk wata 6. Kai da ka ce za ka haɗa da gashin tsire, lissafin wata-wata ne naka, matatan kuwa kada su wuce mako ba a wanke ba.

Roƙona ɗaya shi ne ka koma wurin maƙerin tun bai kwashe kayansa ba, ya yanka maka ƙofofi a jikin bututun, musamman wajen kowace kwana, domin bututun da ba shi da ƙofa ko ni na zo ba abin da zan iya yi masa. Ka gaishe mini da Hajiya da yara.

Naka amini,
daga Agege.