Tsohon bashi: a biya, amma ba da wulaƙanci ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi magana kan yadda ake tono tsofaffin basussuka ana ci wa bayin Allah mutunci da su.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ni ba na goyon bayan taurin bashi. A Musulunci daɗewa ba ta kashe haƙƙi, har ma sai an fitar da bashi daga dukiyar mamaci kafin a raba gado. To amma Alƙur'anin da ya ce a rubuta bashi a aya ta 282 ta Suratul Baƙara, shi ne ya ce a aya ta 280 a saurara wa wanda yake cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Wannan ayar ce masu bin bashi suka manta.

A unguwarmu akwai wata baiwar Allah da mijinta ya rasu. Ba ta daɗe da fita takaba ba wasu mutum biyu suka yi mata sallama da takarda guda, kwafi ce da rubutunta ya dushe, suka ce marigayin ya ci bashi fiye da shekara 10 da suka wuce, kuma in ba ta kawo wani abu ba za a kama babban ɗanta. Jiki na rawa ta ɗauki keken ɗinkinta ta sayar. Ba wanda ya gaya mata cewa daga abin da mamaci ya bari ake biyan bashinsa, ba daga aljihun matarsa ba, matuƙar ba ta tsaya masa ba. Ba kuma wanda ya gaya mata cewa sashe na 7 na dokar shari'ar manyan laifuka ta 2015 ya haramta kama wani a madadin wani, sashe na 32 na dokar 'yan sanda ta 2020 kuma ya hana kama mutum don kawai ya kasa cika yarjejeniya. Ofishin 'yan sanda ba wurin karɓo wa mutane bashi ba ne.

Sai batun wa'adi, wanda shi ne jama'a suka fi jahilta. Doka ta ƙayyade lokacin da mai bin bashi zai iya shigar da ƙara: shekara 6 a Legas da Abuja, wasu jihohi kuma shekara 5, daga ranar da ya kamata a biya. In wa'adin ya wuce, bashin yana nan, amma kotu za ta iya korar ƙarar idan wanda ake ƙara ya tayar da maganar. Ga inda tarkon yake: da zarar mutum ya sa hannu ya amsa cewa ana bin sa, ko ya biya wani ɓangare, lissafin zai iya komawa farko. Shi ya sa za ka ji masu bin bashin suna lallashi, "kawo ko dubu biyu ce mu ga alamar niyya." Wanda lamirinsa ya ce ya biya, ya biya, Allah ya saka masa. Amma ya fara neman a nuna masa asalin takardar yarjejeniya, da uwar kuɗin, da abin da aka ɗora a kai, da shaidar cewa mai wannan magana wakili ne na gaske. A kuma sani cewa basussukan da hukumar AMCON ta saya daga bankuna ba su da wannan wa'adi tun gyaran dokarta na 2019.

Masu ba da rance ta manhajar waya kuwa, da ke aika wa surukai da abokan aiki saƙo cewa wane ɓarawo ne, hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, tana karɓar ƙorafi a kansu, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023.

Ya Edita, duk waɗannan dokoki da Turanci suke, alhali waɗanda ake zalunta Hausa suke ji. Ina roƙon ka ware shafi a kowane mako, lauya da malamin fiƙihu su riƙa amsa tambayoyin bashi, su kuma fayyace wa mutanen kowace jiha wa'adin da dokarsu ta tanada da inda marar hali zai samu lauya kyauta.

Wassalam.

Naka,
Mai karatu daga Kaduna