A Riƙa Duba Tarihin Asusun Haɗakar Jari Kafin A Zuba Kuɗi

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku mai albarka don yin magana kan asusun haɗakar jari, inda mutane ke tara kuɗi kamfani ya juya musu a kasuwar hannun jari ko takardun bashin gwamnati ko sukuk (takardun jari marasa kuɗin ruwa). Tallan waɗannan asusu ya cika wayoyinmu, kowane yana nuna ribar shekara guda, wadda ta fi kyau. Ribar shekara ɗaya ba ta isa a auna asusu da ita ba, kuma jama'a na asara saboda wannan.

A fara da hauhawar farashi. A Disambar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce ya kai kashi 34.8 cikin ɗari. A ce asusu ya ba da kashi 25 a wannan shekarar: naira miliyan ɗaya ta zama miliyan ɗaya da dubu 250, amma kayan da miliyan ɗaya ke saya a farkon shekara sun koma kusan miliyan ɗaya da dubu 348. Lambar ta ƙaru a takarda, kuɗin sun rage daraja.

Sai a kwatanta asusu da ma'aunin da ya dace da shi. Asusun hannun jari a gwada shi da ma'aunin gaba ɗaya na kasuwar hannun jari ta Najeriya (NGX), wanda ya haura da kusan kashi 46 a 2023 da kusan kashi 38 a 2024. Manajan da ya kawo kashi 30 a 2023 ya gaza kasuwa, duk da yana karɓar kuɗin aikinsa. Asusun halal kuwa a gwada shi da ma'aunin NGX Lotus Islamic, domin ba ya sayen hannun jarin bankunan da ke mu'amala da kuɗin ruwa ko kamfanonin giya. Gwada shi da kasuwar gaba ɗaya zalunci ne a wasu shekarun, yaudara ne a wasu.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne tsawon lokaci. A nemi ribar shekara biyar zuwa goma, kowace daban, musamman shekarun wahala. Kasuwar ta faɗi a 2018 da 2019. Nawa asusun ya faɗi a lokacin, kuma wata nawa ya ɗauka kafin ya farfaɗo? Matsakaicin riba yana ɓoye wannan. Dubu ɗari ta hau da kashi 50 ta zama dubu 150, ta sauka da kashi 50 ta koma dubu 75. Matsakaici ya ce babu asara, alhali rubu'in jarin ya tafi. Hanyar da ta fi aminci ita ce a ɗauki farashin kaso ɗaya na asusun ranar farko da ranar ƙarshe, a haɗa da duk ribar da aka raba a tsakani.

Asusun takardun bashi na gajeren lokaci shi ma yana bin kuɗin ruwan Babban Banki ne. A ƙarshen 2020 ribar waɗannan takardu ta faɗi ƙasa da kashi ɗaya, a 2024 ta wuce kashi 20. Ba gwanintar manaja ba ce ta kawo bambancin. Kuma adadin da ake talla na shekara ne, ba na wata ba. Asusun dala kuma a duba ribarsa da dala, domin faɗuwar naira bayan Yunin 2023 ta kumbura lissafinsa da naira.

A karanta takardar bayanin asusu a ga kuɗin manaja, da tarar cire kuɗi kafin wa'adi, da ko ribar da aka nuna bayan an cire waɗannan ne. A tambaya ko manajan da ya kafa tarihin nan yana nan har yanzu. Sannan a tabbatar asusun yana cikin jerin da hukumar SEC, mai kula da kasuwar jari, ke wallafawa a shafinta duk mako.

Ina roƙon jaridarku ta riƙa buga jadawalin waɗannan asusu sau ɗaya a wata, da ribar shekara biyar a gefen hauhawar farashin kowace shekara.

Naku,
Mai karatu daga Kano